Waƙar "Hurt": Har Yanzu ta Trent Reznor Ce, ko Ta Koma Hannun Johnny Cash?

Tsohon_Faifai:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Gardama ce ta kaure tsakanina da ƙanena a daren jiya, na ga ya kamata in kawo ta nan domin masana su raba mu. Na yi shekaru ina sauraron waƙar "Hurt" da muryar Johnny Cash, marigayi mawaƙin kiɗan kantiri na Amurka, kuma ban taɓa shakkar cewa shi ya tsara abarsa ba, saboda yadda kowane baiti ya zauna daram a kan tsufansa da rashin lafiyarsa. Sai jiya yaron nan ya kunna mini wata wadda ta girme ta da shekara takwas, ta ƙungiyar Nine Inch Nails, mai cike da wani shuu da ƙarar ƙarafa kamar mutum ya shiga shagon injin niƙa, ya ce wannan ita ce ta asali. Na bincika na tarar da gaskiyarsa. Duk da haka zuciyata ta ƙi sakin Cash, musamman da na ji an ce marubucin da bakinsa ya sallama masa ita. Idan wani ya rera waƙar wani har ya fi mai ita, wa ya cancanci a kira mai waƙar?

Injiniyan_Sauti:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka bai yi kuskure ba. Trent Reznor ne ya rubuta ta, kuma ita ce ta goma sha huɗu, ta ƙarshe, a kundin The Downward Spiral wanda ya fito ranar 8 ga Maris, 1994. A wancan lokacin sunan Nine Inch Nails suna ne na ƙungiya, amma a situdiyo kusan mutum ɗaya ne: shi ke rubutawa, shi ke kaɗa yawancin kayan kiɗan, shi ke rerawa. Ya fara aikin ne a 1988 a birnin Cleveland, inda yake taimakon injiniya tare da shara a wani situdiyo, idan masu aiki sun tashi da dare shi kuma ya zauna ya naɗi nasa.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne wurin da waƙar ta zauna a kundin. Waƙoƙi goma sha uku da suka gabace ta labari ne na mutumin da yake rushe kansa mataki-mataki, yana yar da imani da mutane da duk wani abin da ya riƙe shi, cikin kiɗa mai tsananin hayaniya. Bayan duk wannan ne ake jin murya ƙasa-ƙasa, kusan raɗa, da jita guda wadda aka saka mata wani sauti mai karo da sauran da gangan, domin kunne ya ƙi samun natsuwa. Shuu ɗin da ka ji ba lalacewar faifai ba ne, gina shi aka yi. A ƙarshe kuma, daidai lokacin da mai sauraro ya saki jiki, sai jitar lantarki ta faɗo da ƙara mai firgitarwa, ta bar wani amo yana ja har waƙar ta wuce minti shida. Wanda ya cire ta daga kundin ya ji ta ita kaɗai, rabin magana ya ji.

Bakatsiniya:
Ina so in gyara batun sallamawar nan, domin ana yawan yanke shi a tsakiya. Lokacin da aka aiko wa Reznor naɗin Cash a faifai, bai ji daɗinsa ba da farko. Ya kwatanta abin da ya ji da ganin wani yana sumbatar budurwarsa, wato ya ji an shiga masa wurin da bai kamata a shiga ba. Sai daga baya, yana situdiyonsa na lokacin a New Orleans, da ya kalli bidiyon da Mark Romanek ya shirya wa Cash, hawaye ya cika masa ido, ya faɗi maganar da ta yaɗu cewa waƙar ba tasa ba ce kuma. Saboda haka bidiyon ne ya karya masa zuciya, ba sautin kaɗai ba. Kuma bai daina rera ta ba. Shekara da shekaru da ita yake yawan rufe wasanninsa. Mutumin da ya bayar da kaya da gaske ba ya ci gaba da sa shi kowace Juma'a.

Na_Damagaram:
Hajiya ta faɗi abin da ke bakina. Maganar girmamawa ce ta yaro ga dattijo, irin wadda ɗalibi zai ce wa malaminsa "ai karatun naka ne". Ba takardar sayarwa ba ce.

Tsohon_Faifai:
Na karɓi gyara, Hajiya, kuma na gode. Amma har yanzu ina da ja. Reznor bai cika shekara talatin ba lokacin da ya rubuta cewa duk wanda ya sani yana tafiya ya bar shi, kuma duk abin da ya tara turɓaya ne. A bakin saurayi wannan magana tana kama da ƙorafin ƙuruciya. A bakin mutum mai shekara saba'in, wanda ya binne abokan tafiyarsa, muryarsa na rawa, magana ce ta wanda ya gani da idonsa. Ni a nan nake ganin Cash ya cika ma'anar da marubucin ya fara bai ƙarasa ba.

Ɗalibin_Jita:
Baba, da girmamawa, kalmar "ƙorafin ƙuruciya" ta yi wa Reznor nauyi. Mutumin yana cikin ƙunci na gaske a lokacin, kuma shekarun da suka biyo baya shaye-shaye ya kusa kashe shi, sai a 2001 ya samu ya rabu da shi. Allurar da aka ambata a baitin farko ba ado ba ce. Abin mamakin shi ne Cash ma ya san wannan rami: a shekarun 1960 ƙwayoyi sun riƙe shi, har aka kama shi da su a El Paso a 1965. Shi ya sa bai bukaci canza wannan baitin ba. Mutum biyu ne suka faɗa rijiya ɗaya, ɗaya yana magana daga ciki, ɗayan yana leƙa ta bayan shekara arba'in.

Ta fuskar kiɗa kuma, na koyi kaɗa duka biyun. Ta Cash ta fi sauƙi ƙwarai, domin an cire sautin nan mai karo da Injiniya ya ambata, aka daidaita komai, aka rage tsawon zuwa ƙasa da minti huɗu. Inda ƙarfinta yake shi ne amshi, wurin da fiyano ke bugun sauti guda ɗaya tak, yana maimaita shi yana ƙara nauyi har ka ji kamar ana buga ƙusa. Benmont Tench da Mike Campbell, mutanen ƙungiyar Tom Petty, suna cikin makaɗan da suka yi aikin kundin.

Uwar_Biyu:
Ku yi haƙuri da tambayata, shin wannan ita ce wadda Christina Aguilera ta yi? Ina jin ta a rediyo a da, kuma ban ji wata hayaniya a ciki ba.

Bakatsiniya:
A'a, 'yar'uwa, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ta Aguilera ta fito a 2006, kuma waƙa ce dabam da marubuta dabam. Wataƙila wadda ta shige miki ita ce ta Leona Lewis, mawaƙiyar Ingila, domin ita ta sake rera ta Reznor ɗin a ƙarshen 2011, har ta shiga goman farko a jadawalin ƙasarsu. Ita ta bi hanyar ɗaga murya da cika kiɗa, abin da ni a kunnena ya mayar da waƙar ta zama gwajin maƙogwaro.

Lauyan_Unguwa:
Bari in shigo da ɓangaren doka, domin tambayar "wa ke da waƙar" tana da amsa guda a can, ko da ba ta gamsar da zuciya ba. A dokar Amurka kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi biyu. Na farko haƙƙin rubutun ne, wato kalmomi da karin waƙar. Na biyu haƙƙin naɗin ne, wato wannan takamaiman sautin da aka ɗauka a situdiyo. Cash da kamfaninsa suna da na biyu a kan nasu naɗin, amma na farko yana nan a ɓangaren Reznor, kuma duk inda aka sayar ko aka kunna ta Cash, wani kaso yana komawa can.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, tun dokar 1909, da zarar marubuci ya fitar da waƙarsa kasuwa a Amurka, kowa na iya sake rera ta ya naɗa ba tare da neman yardarsa ba, muddin zai biya kuɗin da hukuma ta ƙayyade a kan kowane kwafi, kuma bai sauya ainihin karin waƙar ko ɗabi'arta ba. Rimis kuwa, wato sake gauraya waƙar da aka riga aka naɗa, ba haka yake ba. Mai rimis yana ɗaukar naɗin asalin ne ya yayyanka, saboda haka dole ya samu izinin mai naɗin. Haka ma sanya waƙa a fim ko talla, sai an nemi izini an yi ciniki. Wannan bambancin shi ya sa maimaicin waƙa ya fi rimis na halal yawa nesa ba kusa ba.

Injiniyan_Sauti:
Tunda Barista ya kawo batun rimis, ya kamata a san cewa wanda ya fara taɓa "Hurt" shi ne mai ita. A 1995 aka fitar da Further Down the Spiral, kundi guda na sake gauraya waƙoƙin wancan kundin. A bugun Amurka akwai sigar da aka kira "Quiet", inda aka rage shuu ɗin aka fito da muryar fili. A bugun da aka kai Ingila kuma an saka naɗin da aka ɗauka a dandalin wasa. Idan ka jera "Quiet" da ta asali za ka ga bambancin kaɗan ne in an kwatanta da abin da aka yi wa sauran waƙoƙin, waɗanda aka farfasa su har da ƙyar ake gane su. Kamar dai shi kansa yana tsoron taɓa ta da yawa.

Sunayen da suka yi aiki a kundin rimis ɗin ma abin dubawa ne. Akwai 'yan ƙungiyar Coil, kuma ɗaya daga cikinsu, Peter Christopherson, a da yana cikin Throbbing Gristle, ƙungiyar Ingila da ta kafa kamfanin Industrial Records a 1976, wanda daga sunansa salon kiɗan Nine Inch Nails, wato "industrial", kiɗan masana'anta, ya samo nasa. Akwai J. G. Thirlwell. Akwai Aphex Twin, wanda aka ba shi aikin rimis amma ya kawo sabon kiɗansa kacokan. Sannan akwai Rick Rubin, wanda ya juya waƙar "Piggy". Wannan Rubin ɗin shi ne furodusan da bayan shekara bakwai ya kai wa Cash "Hurt" ya nace masa sai ya gwada. Shi ma Romanek mai bidiyon, shi ya shirya wa Nine Inch Nails bidiyon "Closer" a 1994. Ke nan waƙar ba daga hannun baƙi ta bi ta isa Tennessee, inda Cash yake zaune a lokacin, ba, 'yan gida ne suka ɗauke ta suka kai.

Na_Damagaram:
Wannan ya sa nake ganin ana ba Cash yabon da rabinsa na Rubin ne. Tun 1994 Rubin yake zaunar da shi da jita yana zaɓo masa waƙoƙin matasa. A 1996 Cash ya rera ta ƙungiyar Soundgarden, a kundin 2002 ɗin nan kuma, American IV, har da ta ƙungiyar Depeche Mode. Dabara ce da aka maimaita sau da yawa, a wannan karon ne ta faɗa daidai.

Malam_Mai_Alli:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma abin da Injiniya ya bayyana ya tuna mini da wani abu da muke da shi a rubutacciyar waƙa, wato tahamisi. Ba ina daidaita darajar abubuwan biyu ba ne, tsarin aikin kawai nake nufi. Mai tahamisi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora masa uku a sama ya zama biyar, kamar yadda Isa ɗan Shehu ya yi wa "Tabbat Haƙiƙa" bayan Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa daga Fulatanci. Hannu uku ke nan a waƙa guda, kuma ba wanda ya taɓa cewa ta tashi daga ta Shehu. Ana ambaton kowa da aikinsa: wane ya tsara, wance ta fassara, wane ya yi tahamisi. Ina ganin matsalar tambayar Malam Tsohon Faifai ita ce tana neman suna ɗaya a inda ya kamata a jera uku: Reznor ya rubuta, Rubin ya zaɓa ya tsara, Cash ya rera.

Ɗalibin_Jita:
Malam, kwatancen ya yi kyau, sai dai mai tahamisi ƙari yake yi, shi kuwa Cash ragi ya yi. Ya cire hayaniyar, ya cire sautin mai karo, ya cire faɗuwar ƙarshe. Ni a ganina ya fi kama da wanda ya sassaƙe turmi ya fitar da akushi.

Bakatsiniya:
Akwai kalma ɗaya da ake cewa Cash ya canza, kuma nan ma akwai gyara. A ta asali mawaƙin ya ce yana sanye da kambi na ƙazanta, da kalmar da ba a faɗa a rediyo. A ta Cash kambin ya zama na ƙaya, wanda a aƙidar Kiristoci yake nuni ga abin da suka ce an ɗora wa Annabi Isa, alaihis salam, kuma Cash mutum ne mai riƙo da addininsa, bidiyon ma ya nuna hotunan da suka shafi hakan. Amma ba shi ya ƙirƙiro canjin ba. Tun a sigar da Nine Inch Nails suka tsabtace domin gidajen rediyo a 1995 kalmar ƙaya take. Abin da ya faru shi ne, kalmar da Reznor ya saka don kauce wa almakashin masu tacewa, a bakin Cash ta zama tsakiyar ma'anar waƙar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mai rerawa na iya sauya waƙa ba tare da ya ƙara harafi ba.

Uwar_Biyu:
Bayan gyaran da Hajiya ta yi mini na je na kalli bidiyon Cash, kuma na kasa ƙarasa shi a zama ɗaya. Wurin da matarsa June take tsaye a kan matakala tana kallonsa shi ya karya ni, domin na yi jinyar mahaifina wata bakwai, kuma irin wannan kallon mahaifiyarmu take yi masa idan yana ƙoƙarin ɗaga kofi hannunsa na karkarwa. Da na karanta cewa ita ta riga shi rasuwa, a watan Mayun 2003, shi kuma ya bi ta a Satumba, sai na rufe wayar. Ta asalin na saurara daga baya, na gane gwaninta ce, amma ba ta taɓa ni a wannan wurin ba.

Injiniyan_Sauti:
Allah Ya jiƙan mahaifinki, Hajiya. Abin da kika faɗa shi ne ainihin abin da nake ƙoƙarin rarrabewa. Yawancin masu cewa ta Cash ta fi, bidiyon suke tunawa: teburin da aka cika da abinci ba mai ci, gidan tarihinsa na House of Cash a rufe da ƙura, faifan yabo da gilashinsa ya tsage, hotunan ƙuruciyarsa ana gilma su, sannan ya rufe murfin fiyano a hankali. Sai mutuwar ma'auratan ta zo ta ƙara masa nauyi, sai kuma gidan nasu na Hendersonville ya ƙone a 2007 bayan mawaƙi Barry Gibb ya saye shi. Bidiyon ya ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a 2004. Ita kuwa ta Reznor an tsayar da ita takarar Grammy a 1996 ba ta ci ba. Ina roƙon Malam Tsohon Faifai ya gwada abu ɗaya: ya saurari duka biyun da abin kunne, cikin duhu, ba hoto, sannan ya dawo ya gaya mana.

Lauyan_Unguwa:
Wani ƙarin haske kan halin Reznor game da taɓa aikinsa, tunda an ce da farko ya ji kishi. Daga baya ya zama cikin waɗanda suka fi kowa sakin hannu. A 2005 ya saki sassan waƙar "The Hand That Feeds" daki-daki domin masoya su gauraya da manhajar GarageBand, a 2007 ya buɗe shafi na musamman don rimis, a 2008 kuma ya fitar da Ghosts I–IV ƙarƙashin lasisin Creative Commons wanda ya yarda a juya amma ba don kasuwanci ba. Daga wannan kundin ne wani matashin furodusa ɗan Holan ya tsinci ɗan sautin tsirkiya ya gina kiɗan da ya zama "Old Town Road" ta Lil Nas X, wadda ta yi mako 19 a saman jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard a 2019. Da yake an shiga kasuwanci, sai da aka nemi izini, aka saka sunan Reznor da abokin aikinsa Atticus Ross cikin marubuta. Bayan na Cash, karo na biyu ke nan da aikin mutumin hayaniyar masana'anta ya ɓulla a duniyar kiɗan kantiri.

Na_Damagaram:
Ba wanda ya ambaci David Bowie, mawaƙin Ingila. A rangadin da suka yi tare a 1995 shi da Reznor sun riƙa rera "Hurt" a dandali ɗaya, Bowie na ɗaukar wani sashe da muryarsa mai kauri. Shekara bakwai kafin Cash ke nan. Idan hujjar ita ce waƙar na bukatar muryar babba, to an riga an gwada, kuma ba wanda ya ce ta koma ta Bowie.

Malam_Mai_Alli:
Bowie bai kai hamsin ba a lokacin, kuma yana tsaye da ƙafarsa kusa da mai waƙar. Ba girman shekaru ba ne kawai, kusancin kabari ne ake ji a muryar Cash.

Tsohon_Faifai:
Injiniya, na bi shawararka bayan sallar isha'i, na kashe fitila na saka abin kunne. Zan faɗi gaskiya: ƙarar ƙarshen ta Reznor ta sa na zabura har na cire abin daga kunnena, kuma a karon farko na fahimci cewa shuu ɗin nan yana yin aikin da rawar murya ke yi a ta Cash. Na janye kalmar ƙorafin ƙuruciya, Ɗalibin Jita ya yi gaskiya. Amma da na tashi da asuba, wadda take yawo a kaina ta dattijon ce, ba tare da na tuna ko hoto ɗaya na bidiyon ba. Ƙanena ya ce sabo ne kawai, tunda ita na fara ji. Ya ce sai na saurari kundin 1994 ɗin gaba ɗaya daga farko har in iso gare ta a wurinta kafin in sake magana, kuma ya turo mini shi. Na kai waƙa ta uku na tsaya, domin maƙwabta sun fara leƙowa.

Ɗalibin_Jita:
Baba, ka daure ka ƙarasa, amma da abin kunne, kuma kada yara su kasance kusa idan ka iso ta biyar.